Awarwaron Roba a Jikin Sandar Baba

Baba ya tashi, alhamdu lillahi. Da wannan zan fara, don kada mai karatu ya yi ta fargaba har ƙarshe. Yana tafiya da ƙafarsa ko da yake ta hagu tana ɗan ja, yana cin tuwonsa, yana kuma faɗa da kowa kamar da. Abin da ya zaunar da ni rubuta wannan jinya ba ciwon ba ne kaɗai. Akwai wata allura da aka yi masa yana sume, wadda ashe tun yana da lafiya ya ce ba ya so. Ni ce kuma na yi makonni da wannan magana a ciki, ina neman bakin da zan gaya masa.

Sunana Hajara. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka ba ya kira na sai da Uwata. Ina aiki a wata ma'aikatar tarayya, ɓangaren ajiye fayil. A gida kuwa Lauya ake ce mini, saboda tun ina ƙarama ba a gaya mini abu in ce to, sai na ji dalili, na ji dalilin dalilin. Baba dillalin shanu ne a kara, wato kasuwar dabbobi ta Dei-Dei, tun ina goye. Ga wanda bai san kara ba, ciniki a can yana da ƙa'ida. Mai saye ya taya, dillali ya kai tayin wurin mai saniya. In bai yi masa ba ya ce "albarka", wato a'a, a ƙara gaba. In ya yi masa ya ce "na sallama", ciniki ya faɗa. Baba bai taɓa sallama dabbar wani mai ita ba ya wurin ba, ko da an ninka tayi, ko da mutumin masallaci kawai ya shiga. Maganarsa kullum ita ce, ba a sayar da saniya mai ita yana barci.

Wata ranar kasuwa da hantsi ana loda shanu a tirela, wani bijimi ya juya kai ya ture shi daga kan tudun lodi, ƙeyarsa ta bugi ƙarfen motar. Ya miƙe da kansa, ya kakkaɓe riga, ya ce ba komai. Ba jini a waje, sai ɗan kumburi a bayan kunne. Aka zaunar da shi a inuwa aka zuba masa ruwa a ka. Can sai amai. Sai ya fara tambayar abu ɗaya yana maimaitawa, sai gyangyaɗi. Wasu suka ce a bar shi ya yi barci ya huce. Amininsa Baffa Jauro, Bafulatanin da ke kawo shanu daga wajen Kwali, shi ya ƙi. Ya ce ya taɓa ganin irin wannan barci kuma mai shi bai tashi ba. Ya sa aka cicciɓe shi cikin akori-kura sai asibiti.

A nan zan tsaya in yi roƙo. Duk wanda ya bugu a ka, ya yi amai, ya fara maimaita magana ko barci ya fara jan sa, kada a tsaya zuba ruwa da neman man zafi. A kai shi asibiti ko da yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau. Likitoci sun ce mana jini ne yake taruwa a cikin ƙoƙon kai a hankali, mutum yana hira yana tafiya.

Kafin in iso daga ofis an shiga da shi tiyata. Abin da na tarar shi ne layi. Layin kati, layin biya, layin kantin magani, kowace taga ka je a ce ba nan ba ce. Inda ake biya aka ce na'ura ta tsaya, muka tsaya tare da ita. Na yi fushi a ranar har na gaya wa wani mai karɓar kuɗi maganar da ba zan rubuta ba. Amma a asibitin nan dai na ga likitan da ya fito daga tiyata rigarsa sharkaf da gumi, ya tsaya ya yi wa Inna, mahaifiyarmu, bayani a tsanake kamar uwarsa. Da aka ce ana neman jini, Yaya Kabiru, babban wanmu, ya bayar, 'yan kara kuma suka cika baranda da warin shanunsu kowa yana miƙa hannu. Allah ya saka musu da alheri.

Washegari wata likita ta same mu a kan benci, ni da Inna da Yaya. Gajeriya ce mai gilashi, ta ce sunanta Dakta Rifkatu. Hausarta irin ta Abuja ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Ku ne iyalin Baba? Akwai magana da nake so mu yi, amma ba na tsoro ba ne," in ji ta. "Asibitin nan yana cikin wani bincike. Akwai wani allura da ake zaton yana rage zuban jini a cikin kai, amma sai an yi shi da wuri-wuri. Lokacin da aka kawo Baba ba ya cikin hankalinshi, kuma ba ɗan'uwa a kusa. Mun duba hannunshi ba mu ga awarwaro ba. Sai muka sa shi a ciki."

Yaya ya gyaɗa kai. Ni kuwa tambayoyi suka taso mini gaba ɗaya. Na ce wane awarwaro? Wa ya ba su izinin gwada magani a jikin wanda ba zai iya cewa i ko a'a ba?

Ba ta ji haushi ba, ta ma gyara zama. Ta ce irin wannan ciwo ba ya jiran a nemo 'yan'uwa, kuma in ba a gwada maganin a kan masu ciwon ba, ba ranar da za a san ko yana aiki. Akwai wani kwamiti da aikinsa kare haƙƙin marasa lafiya, shi ya yarda a yi, bisa sharaɗin a fara zagaya unguwanni da kasuwannin da ake yawan kawo masu rauni daga cikinsu, a gaya wa mutane, a ji ta bakinsu. Wanda duk ba ya so, a ba shi awarwaron roba ruwan goro ya sa a hannu. In an kawo shi a sume aka gan shi da shi, ba za a yi masa allurar ba. Ta ce duk maganin da aka saba yi an yi wa Baba, wannan ƙari ne kawai. Sannan ta faɗi abin da ya fi ɗaure mini kai: wasu ana ba su maganin, wasu ruwan gishiri ne zalla, kwalaben iri ɗaya.

Na ce, "To shi wanne aka ba shi?"

"Ni kaina ban sani ba."

"Likita, ke kika yi allurar fa."

"Da gangan aka ɓoye mana. In na san wanda ya samu, idona zai riƙa ganin sauƙi ko babu."

Na daɗe ina juya wannan. Ban taɓa jin inda mai aiki ya roƙi a rufe masa ido don kada ya cuci gaskiya ba. Abin da ta zo nema shi ne izinin ci gaba: su riƙa bin yadda jikinsa yake, su haɗa labarinsa da na sauran marasa lafiya. Ta ce ko mun ƙi, ba abin da zai ragu a kulawar da ake masa.

"Dakta, kawo in sa hannu kawai," in ji Yaya. "Mutanen da suka ceci ransa za mu tsaya yi wa tambaya?"

Na ce a dakata. Ba don ina zargin kowa ba, sai don ban gane ba tukuna, kuma mai jikin yana nan da ransa. Yaya ya harare ni ya ce Lauya ta fara. Likita ta ce ba gaggawa.

Makon farko Baba yana ɗakin da ba a barin kowa shiga sai leƙe ta gilashi. Zaman benci ya ishe ni, sai na samo wa kaina aiki. Duk wanda ya zo dubiya, in an gama gaisuwa sai in tambaye shi ko ya ji labarin binciken nan da awarwaro. Na sha mamaki. Mai shayin bakin kara ya ce ya ji, ai allurar rigakafi ce. Wani mahauci ya ce awarwaron shaidar magani kyauta ne, shi har na 'ya'yansa ya karɓo. Wani Ibo mai sayar da rodi, maƙwabcinmu, ya ce a cocinsu aka yi bayani, kuma ya faɗa mini komai daidai da yadda likita ta faɗa. Yaya Kabiru, mai digiri, ya tuna ya ga wata takarda manne a bango, ya ɗauka ta 'yan siyasa ce. Da na juyo kan Inna sai ta taɓe baki.

"An ce an yi sanarwa bayan sallar Juma'a. Ni Juma'a nake zuwa? In abu ya samu mutum, mu za a kira mu yi jinya, amma in za a yi shawara sai a tara maza."

Wanda ban samu na tambaya ba shi ne Baffa Jauro, don ya koma rugarsu wajen shanu tun da aka fito da Baba daga tiyata.

A mako na biyu aka dawo da shi babban ɗaki. Idonsa a buɗe amma bai san kowa ba. Ta wani siririn tiyo a hanci ake ba shi kunu. Nas ta koya mana yadda za mu riƙa juya shi kada bayansa ya yi gyambo, da yadda za mu goge masa baki. Masu ba da shawara kuwa ba a magana. Wannan ya ce zuma da habbatus sauda, wancan ya ce bijimin ba shi kaɗai ba ne, a nemo mai ruƙiyya. Wata gwaggonmu ta zo da rubutu a gora ta ce lallai a ɗura masa. Nas ta ce wanda ba ya iya haɗiya in aka ɗura masa ruwa huhu zai tafi. Inna ta raba gardama, ta riƙa shafa masa a fuska da ƙirji, kowa ya samu abin da yake so.

Abu ɗaya muka lura da shi. Hannunsa na dama ba ya zama wuri ɗaya, kullum yana lalube a gefen katifa. Na ce ko ƙaiƙayi ne, Yaya ya ce ko carbi yake so. Inna ta dube shi ta ce, "Sandarsa yake nema." Aka aika wa Baffa Jauro.

Ya zo da ita ranar kasuwa. Sanda ce ta makiyaya, ta yi baƙi ta yi santsi don riƙo. Yana sa masa ita a tafin hannu, yatsun suka damƙe, hannun ya kwanta. Inna ta fara hawaye. Ni kuwa idona yana wani wuri. Ƙasa kaɗan da inda ake riƙewa, an naɗe wani abu ruwan goro ninki biyu.

Na ja Baffa waje. "Baffa, mene ne wancan a jikin sandar?"

"Robar likitoci ce. Ai shi ya fara karɓa."

Ya ba ni labari. Watannin baya mutanen asibiti sun zo kara, shugaban kasuwa ya tara jama'a a rumfa, aka yi bayani da Hausa da Fulatanci. Ya ce ba wanda ya kai Baba tambaya a ranar, har mutane suka fara ƙosawa. Da ya gama ji sai ya miƙe ya ce, "Maganinku ban ƙi shi ba, Allah ya sa a dace. Amma ni ba a sayar da saniya mai ita yana barci. Ku ba ni robar."

Na ce, "To me ya kai ta jikin sanda? Ba a hannu aka ce ba?"

"Haba 'yata, namiji da awarwaro? Kwana biyu ya sa, yaran kara suka ishe shi da tsiya, wai amarya. Ga alwala, ga igiya tana kamawa. Sai ya mayar jikin sanda, mu ma duk muka bi. Sanda ai ba ma rabuwa da ita. Inda ka ga sandar mutum ka ga mutum."

"Baffa, ranar da ya faɗi fa?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon tasa sandar, ita ma da robarta. Can ya ce shi da hannunsa ya tsince ta a ƙasa, ya ba mai shayi ajiya, sannan suka tafi. Ko kusa maganar robar ba ta faɗo masa a rai ba.

Da na gaya wa Yaya, bai yi wata-wata ba. "Cire ta ki jefar. Wa ya sani? In kika ɗaga maganar nan, likitocin za su ga kamar ƙara muke shirin kai su, su janye jiki. Shi kuma kin san halinsa." Inna ba ta ce a jefar ba, amma tsoronta ya fi nasa. Ta tuna mana lokacin da Baba ya taɓa barin wani asibiti ledar ƙarin ruwa ba ta ƙare ba, don kawai wata nas ta yi masa tsawa. In ya farfaɗo ya ji an yi masa abin da ya ce ba ya so, zai iya cewa a kai shi gida da ramin tiyata a kansa, kuma ba mai iya hana shi.

Gaskiya na ji tsoro. Na kai hannu kan robar nan ba sau ɗaya ba. Abin da ya tsayar da ni wani ƙaramin abu ne. Kuɗin hannunmu sun yi ƙasa, Yaya ya ce wa Baffa Jauro ya sayar da bijimin da Baba yake kiwo. Baffa ya dube shi kamar ya zage shi.

"Bijimin Isiyaku? Yana kwance bai sani ba? Ba da hannuna ba."

Ya koma kara, 'yan kasuwa suka yi karo-karo suka kawo. Na ce a raina, ga wanda ba ɗansa ba ya ƙi sallama masa dabba, ni da ya kira uwarsa zan sallama jikinsa in yi shiru? Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Na ɗauki sandar lokacin da yake barci na kai wa Dakta Rifkatu ofis.

Na shirya jin musu, ko a ce laifinsa ne. Ta karɓi sandar ta juya ta, ta cire gilashi ta sake dubawa. Sannan ta tambaye ni.

"Sanda nawa ne a kasuwan nan da irin wannan?"

Na ce ban sani ba, amma Baffa ya ce da yawa.

"Mun tambaye su ko sun gane, suka ce sun gane. Kuma ga shi sun gane ɗin. Ba mu tambaya a ina za su sa shi ba." Ta mayar da gilashin. "Wannan mutumin ya ce a'a, mu ba mu ji ba. Dole in kai ma kwamiti."

Na ce su ma ai ba su gaya muku sun mayar jikin sanda ba. Ta ce haka ne, amma wanda ya zo da tambaya shi ya kamata ya dawo ya ga inda amsa ta kwana. A satin ta bi Baffa Jauro har kara. Ta dawo takalminta duk kashin shanu tana ba ni labari kamar yarinyar da ta je kallo: wani a sanda, wani a madubin babur, wani a wuyan buta. Daga ranar aka ce duk wanda ya kawo mai rauni a tambaye shi ko mutumin yana da robar a wani wuri, kafin a sake zama da jama'a.

Magana ta dawo wa Baba a hankali. Farko sunayen shanu ya fara kira, Inna ta ce to, mun san matsayinmu. Daga baya ya dube ni ya ce "Uwata", na fita baranda na yi kukan da ban yi ba tun ranar farko. Aka cire tiyon hanci, aka fara kai shi gashi, ana koya wa ƙafar hagu tafiya kamar ta yaro. Yana jin haushin mai gashin, mai gashin yana dariya. Likita ta ce ba za ta tambaye shi komai ba sai ya san ranar da ake ciki, ya kuma iya riƙe zance. Ta ce ita za ta gaya masa in muna so. Na ce a'a, daga bakina ya kamata ya fara ji.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata la'asar bayan ya yi salla a zaune, na matsa kusa na gaya masa duka, tun daga akori-kura har ofishin likita. Ban rage ba, ban yi wa kowa kwalliya ba. Ya saurara yana murza robar da babban yatsa. Da na gama ya juya fuska bango. Tuwon da Inna ta kawo ko kallonsa bai yi ba. Inna ta dube ni da idon da ke cewa ga abin da na gaya miki. Ban taɓa jin na tsani bakina kamar ranar ba.

Da safe ya ce, "Kira ta."

Dakta Rifkatu ta zo ta durƙusa a gefen gado ta gaishe shi. Maganarsa a lokacin tana fita ɗaya-ɗaya, amma kan nan na dillali yana nan.

"Wanne kuka ba ni?"

"Ban sani ba, Baba."

"Shi ya tashe ni?"

"Shi ma ban sani ba. Tiyata dai ya taimaka, wannan na tabbata. Alluran kuwa, abin da muke nema mu sani ke nan."

Ya dube ta da kyau. Na san kallon, irin wanda yake yi wa mai saniyar da ya faɗi aibin dabbarsa da kansa.

"In na ce a'a?"

"Abin da ya shiga jiki ba zan iya fitarwa ba, kuma ina ba ka haƙuri. Amma zan cire sunanka, ba za mu yi amfani da labarinka ba. Magani da gashi kuma suna nan yadda suke."

Yaya yana ta yi masa alama da ido.

"Albarka," in ji Baba.

Likita ta dube ni. Na ce, "Ya ce a'a." Kunya ta kama ni, don a raina na so ya ce i. Matar nan ta yi mana kirki, ta taka kashin shanu saboda mu. Ita kuwa ta ce, "Na gode, Baba. Na ji." Ta miƙe ta gyara masa matashi ta fita.

Muka zauna jiran ya ce a kai shi gida. Bai ce ba. Ya karɓi kunu ya sha. Yaya ya ce shi ke nan, yanzu za mu ga wulaƙanci. Sai na lura Baba ma abin da yake jira ya gani ke nan. Duk nas ɗin da ta shigo yana bin ta da ido, yana lura ko hannunta ya canja wajen wanke ciwo, ko an fara tsallake gadonsa. Ba abin da ya canja. Mai tsawa ta ci gaba da tsawarta, mai fara'a da fara'arta. Dakta Rifkatu, wadda yanzu ba ta da wani aiki a kansa, kullum ta zo wucewa sai ta tsaya ta ce, "Baba, yaya ƙafa?" Haka har aka sallame mu.

Bayan mun koma gida aka sake taro a kara, na nemi izini a ofis na je, don ba zan iya jin wannan a bakin wani ba. An yi gardama sosai. Wani ya ce a sa a hula, aka ce hula ta riga sanda faɗuwa. Wani tsohon mahauci ya ce a yi ta da faɗi a ɗaura a damtse kamar kambu, riga ta rufe, alwala ba ta kai can, ba kuma mai ce maka amarya. Aka yi dariya, amma likitocin suka rubuta. Mahaucin da ya karɓo wa 'ya'yansa ya dawo da nasa da ya ji ba na magani kyauta ba ne. Wasu suka ce su har yanzu ba su yarda a taɓa mai suma ba, aka ce haƙƙinsu ne. An kuma je Islamiyyar su Inna. Ta dawo tana cewa mata sun fi maza tambaya, har likita ta nemi ruwa. Makiyayan da ba sa shigowa sai lokaci-lokaci kuwa, har yau ban san yadda za a kai musu labari ba, kuma na ga su ma likitocin ba su gama sani ba.

Shawarata ga mai karatu, in ka ji ana irin wannan taro a unguwarku, ka je, ka yi tambaya har a gaji da kai. In ka yanke abin da kake so, ka gaya wa mutanen gidanka. Baba ya gaya wa kara duka, bai gaya wa matar da za ta yi jinyarsa ba. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba masu jinya haƙurin layi.

Ranar da muka koma a duba shi, bayan an gama, ya ce in kai shi ofishin Dakta Rifkatu. Ya zauna, ya ɗora sandar a cinya, ya fara ƙoƙarin zare robar. Hannun hagu ba ƙarfi, ta ƙi fita. Na kai hannu zan taya shi ya buge mini yatsu. Da ƙyar ya fitar da ita, ya ajiye a kan teburinta.

"Na baya, albarka na ce, yana nan a albarka. An yi shi ina barci," in ji shi. "Amma na zauna na gani. Na ce a'a, kuma a'a ɗin ta tsaya. To yau idona biyu. In Allah ya sake kawo ni ban san inda kaina yake ba, na sallama."

Likita ta ɗauki robar ta riƙe, tana gyaɗa kai.

A hanyar fita, yana dogara sandar, ni ina riƙe da ledar magani, halin nawa ya motsa. Na ce, "Baba, da na cire ta tun farko na jefar, na yi shiru fa?"

Bai tsaya ba, bai ma waiwayo ba.

"Da na warke, Uwata," ya ce. "Amma da ko akuya ban ƙara ba ki ajiya ba."